Ranar da Maharazu Ya Kulle Ƙofa

Duk wanda ya taɓa shirya taron bita a Kano ya san tara mutane ba shi ne aiki ba, riƙe su ne aikin. Maharazu ya san haka tun kafin a ɗora masa wannan, amma bai taɓa haɗuwa da gwanayen sulalewa irin malaman asibiti ba.

Ƙungiyar da yake yi wa aiki ce ta kama wani tsohon gidan Turawa a Nassarawa GRA, mai ƙaton fili da manyan bishiyoyin darbejiya, aka jera kujeru a falo ya zama ɗakin taro. Watanni kaɗan ke nan da rikicin watan Mayu na shekarar 2004. An binne waɗanda za a binne, an ɗinke waɗanda za a ɗinke, amma asibitoci ba su huta ba. Kullum sai an kawo mutumin da za a duba shi daga sama har ƙasa ba a ga ciwo ba. Wannan ta daina barci, wancan in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. Shi ya sa aka gayyato nas-nas da ungozomomi da masu ba da shawara daga Tudun Wada da Gama da Kaura Goje, a koya musu yadda ake karɓar wanda ya ga tashin hankali ba tare da an fama masa ba.

Bitar ta kwana uku ce, kuma a rana ta ƙarshe Hajiya Zulaiha za ta zo daga babban ofis na Abuja. Ita za ta ce a kai shirin ƙananan hukumomi ko a naɗe shi. Ba ta da lokacin dogon bayani, leƙa ɗaki kawai take yi. Ta riga ta gaya wa Maharazu a waya: "In na zo na tarar kujeru kuke koya wa, na rufe shirin, kai ma ka nemi wani aikin." Maharazu yana son aikinsa, yana kuma son shirin tsakani da Allah. Abin da yake buƙata bai taka kara ya karya ba: Hajiya ta leƙo, ta ga ɗaki a cike.

Ranar farko da safe ɗakin ya cika maƙil, maza a dama, mata a hagu, kamar yadda ake zama a kowane taro tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Aka buɗe da addu'a iri biyu, aka ɗauki hoto, aka sha shayi. Daga nan aka fara zarewa. Wannan zai je ya ɗauko yara daga makaranta. Waccan an yi wa ƙanwar mijinta haihuwa. Wani yana da ɗan shagon magani a Gama, zai leƙa ya dawo yanzu-yanzu. Aka tashi sallar Azahar da sahu uku, aka dawo da ɗaya da rabi. Maharazu har masallacin ya koma ya duba, ko wasu sun tsaya dogon lazimi ne. Ko takalmi bai tarar ba.

Babbar matsalarsa Hajiya Uwani ce, babbar nas mai shekara talatin a bakin aiki, wadda in ta miƙe sai mata biyar sun miƙe tare da ita. Ba ta guduwa a ɓoye. Zuwa take ta tsaya a gabansa ta gyara mayafi.

"Maharazu ɗana, zan je in dubo wata maijego, ba zan daɗe ba."

"Hajiya, don Allah, yanzu fa aka shiga darasi."

"Ikon Allah! Ni da na yanke wa sa'o'inka cibi, ni za ka tsare da darasi?"

 Ya matsa, ta wuce, jama'arta suka bi ta. Da ta ɓace sai ya yi tsakin da bai iya yi a gabanta ba.

Mai koyarwar, Sista Elisabatu, 'yar Wusasa ce ta Zariya, ta daɗe tana aiki da masu taɓin hankali. Ko ɗaki ya cika ko ya rage mutum bakwai, muryarta ɗaya ce. Tana ta bayani: kada ka taɓa mutum sai ka nemi izininsa, kada a yi masa rumfa a ka, kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya faru, kada ka tsaya tsakaninsa da hanyar fita. Duk wannan Maharazu bai ji ko ɗaya ba. Shi yana waje, tsakanin baranda da bakin get, yana roƙon manyan mutane su koma su zauna.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba shi wahala ba, wani dattijon nas daga wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, sunansa Shawulu. Siriri ne, fararen kayansa kullum a goge. Shi yake riga kowa zuwa, ya ja kujerarsa ya ajiye dab da ƙofa, ya zauna har a tashi. Ba ya magana sai an tambaye shi. Rana ta biyu da yamma, da ɗakin ya koma kamar an yi shara, Maharazu ya kasa haƙuri ya nuna shi.

"Ku dubi Baba Shawulu! Ga shi a bakin ƙofa, da ya so fita ba wanda zai gan shi, amma ko motsi bai yi ba. Shi ba shi da iyali ne? Shi ba a haihuwa a danginsu?"

Shawulu ya sunkuyar da kai. Maharazu ya ɗauka kunya ce irin ta dattawa.

Rana ta uku ya zo da dabararsa a aljihu, wani ƙaton kwaɗo sabo fil da ya saya a hanya. Ƙofar falon ta katako ce mai murfi biyu, da maratayar kwaɗo ta waje. Ƙofar baya an daɗe da toshe ta da bulo, tagogi kuwa duk da ƙarfe. Ya bari aka sha shayi, kowa ya koma mazauninsa, ɗaki ya cika kamar ranar farko, saboda yau za a raba takardar shaida. Sai ya kira Zakari direba gefe.

"Zan shiga. Ka datse ƙofar nan ta waje, ka sa makullin a aljihunka, ka tafi Gama ka ɗauko abincin rana. Kafin Azahar ka dawo."

Zakari ya dubi kwaɗon, ya dubi maigidansa. "Oga, ai gara in bar maka makullin ta taga."

"Ni na san kaina. In yana hannuna Hajiya Uwani za ta karɓe shi kafin ka kai bakin titi. Tafi da shi."

A ganinsa ya yi wayo. Ba kowa ne yake sanin rauninsa har ya yi masa magani ba. Ya shiga ya ja ƙofar, aka ji ƙarar kwaɗo, ƙyas, sannan tashin mota. Ya tsaya a gaban ɗaki yana murza hannu.

"Jama'a, ku gafarce ni. Yau ba mai fita sai baƙuwarmu ta zo ta gan mu. An kulle ƙofa, makulli kuma ba ya wurina, don haka kada kowa ya wahalar da bakinsa."

Ɗaki ya kaure. Wasu samari a baya suka fashe da dariya har da tafawa. Hajiya Uwani ta miƙe ta wanke shi tas, tun daga rashin kunyar yaran zamani har zuwa mulkin soja da aka ce an gama amma ga shi ya dawo a falon GRA. Maharazu ya naɗe hannu yana sauraro, ransa fes. A karon farko tana faɗa amma ba ta da inda za ta.

Sista Elisabatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ajiye allin da ke hannunta, tana kallon wani wuri a bayan Maharazu. Shi ma ya juya.

Shawulu ne a tsaye, ya kama mariƙin ƙofa da hannu biyu. Ya ja a hankali, kamar mai gwadawa. Ya sake ja. Daga nan ya fara jijjiga ta da ƙarfin da ba wanda ya zaci yana da shi, har ƙasa tana zubowa daga saman bango. Gumi ya jiƙe farar rigarsa. Ya manna baki a tsagar ƙofar.

"Alhaji, buɗe! Alhaji, don Allah buɗe, muryarsa ce! Oliver! Ga ni nan, Oliver!"

Ba Alhaji a wajen, ba kuma wanda ya san wane ne Oliver. Ya sulale ƙasa yana dukan katakon da tafin hannu, numfashinsa yana fita guntu-guntu.

To, a nan ne za ka ga abin takaici. Malaman lafiya kusan talatin, kwana biyu ana karanta musu abin da za su yi a daidai irin wannan lokaci, sai suka taso gaba ɗaya kamar an buɗe wa awaki garke. Aka manta da dama da hagu. Aka yi masa rumfa. Wani ya danne kafaɗarsa, wani ya kama hannunsa zai duba bugun jini, Hajiya Uwani ta fasa ruwan leda ta sheƙa masa a fuska tana salati. Wata tana kiran sunan Yesu, wani yana cewa a yi masa tofi, iska ce. Kowa yana tambayarsa lokaci guda: me ya faru, wane ne Oliver, yi magana mana, Baba. Shi kuwa sai ƙara dunƙulewa yake, ya rufe kansa da hannuwa kamar wanda ake duka.

"Ku matsa!"

Tun da aka fara bitar ba wanda ya taɓa jin Elisabatu ta ɗaga murya. Suka ja da baya. Ta sa aka koma har bango, ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta gefe, ba ta gabansa ba.

"Baba Shawulu, Elisabatu ce. Muna Nassarawa, a wurin bita. Ba wanda zai sake taɓa ka. Za a buɗe ƙofar nan yanzu."

Ta ɗago ta dubi Maharazu, ta yi ƙasa da murya. "Buɗe."

Maharazu ya ce, "Sista, makullin yana Gama."

Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ta yi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya zuba gishiri a shayin baƙi, sannan ta koma tana yi wa dattijon magana a hankali.

Ya ruga taga yana ƙwala wa maigadi kira. Amma gidajen GRA ba irin na cikin gari ba ne da za ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Bakin get yana can da nisa, maigadi kuma ya kafa rediyo a kunne. Zakari ba shi da waya. Maharazu ya waiga, ya ga kujerar ƙarfe, ya ɗauka. Elisabatu ta gaya wa Shawulu cewa za a yi ƙara, ƙarar buɗewa ce, ta roƙe shi ya ɗan matsa gefe. Da ƙyar ya ja jiki. Maharazu ya cusa ƙafar kujerar a tsakanin murafen ya danna da dukkan nauyinsa. Kwaɗon sabo ne, ko gezau. Allah ya taimake shi gara ta daɗe da cin katakon. A yunƙuri na uku marataya ta tumɓuke da ƙusoshinta, ƙofa ta wage, wani tsinin katako ya yanke shi a hannu.

Shawulu ya zauna yana kallon hasken waje. Can ya dafa bango ya miƙe, ya share ruwan da ke fuskarsa, ya gyara wuyan rigarsa. Bai dubi kowa ba. Ya fita, ya sauka daga baranda, ya miƙi hanyar get. Wasu suka yunƙura za su bi shi, Elisabatu ta ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Yanzu abin da yake buƙata shi ne ya tafi inda ya ga dama ba wanda ya tare shi."

Maharazu ya tsaya da karyayyar kujera a hannu, yana jiran ya ga an bi ta kansa an watse. Ƙofa ga ta a buɗe, ba ta ma rufuwa. Ba wanda ya fita. Ɗaya bayan ɗaya suka koma suka zauna. Hajiya Uwani tana juya ledar ruwan a hannunta. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda aka saba ji ba ce.

"Sista, ruwan nan da na watsa masa, laifi na yi ko?"

"Kin yi abin da kika saba, Hajiya. Bari mu koma kansa, daga farko."

Suna cikin haka farar mota ta shigo. Hajiya Zulaiha ta fito da gilashinta da jakarta, ta hau baranda, ta leƙa. Ta ga ɗaki a cike, ta ga manyan mata sun tattara hankali, hannuwa a sama ana rige-rigen tambaya. Ɓallalliyar ƙofar ma ba ta dame ta ba, tsofaffin gidajen nan kowa ya san halinsu.

"Malam Maharazu, ka ba ni mamaki," in ji ta. "Na zaga jihohi, ban taɓa ganin rana ta uku irin wannan ba. Shirin nan ya zauna. Zo ka tsaya kusa da ni in yi musu magana."

Abin da ya kwana uku yana nema ke nan, an miƙo masa a hannu. Ya ji shi kamar tuwon da ya kwana ba a ɗumama ba. Ya ce mata yana zuwa, zai wanke hannu. Ya zaga ta bayan motarta ya fita get da sauri.

Titin shiru, dogayen katangu hagu da dama, ba shago, ba mai talla. A unguwar nan sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗan acaɓa. Ya hango farar rigar a gaba, ya bi da gudu-gudu har ya cim masa. Sai ya tuna yadda Elisabatu ta yi, ya rage sauri, ya koma gefensa maimakon ya sha gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Shawulu bai tsaya ba, amma bai ƙara sauri ba. Suka yi tafiya kaɗan a haka.

"Na san ba ka sani ba," in ji shi. "Ba wanda ya sani a wurin aiki ma. Ni na zo bitar nan ne ko zan ji abin da zan yi da kaina."

Maharazu ya ci gaba da tafiya a gefensa. Wannan karon ya iya yin shiru.

"Ranar da abin ya tashi, maigidan da nake haya a wurinsa, Alhaji Lawan, shi ya ja ni cikin gidansa. Ya tura ni ɗakin da yake ajiye hatsi, ya datse da kwaɗo, ya fita ƙofar gida yana rantse wa mutane ba kowa a ciki. Ɗana Oliver ya tafi aiki tun safe. Ina cikin ɗakin nan na ji muryarsa a layi yana kirana. Na buga, na buga. Alhaji ya ji ni, bai buɗe ba. Da a ce ya buɗe, da ni da shi da iyalinsa duk an kashe mu." Ya ɗan numfasa. "Washegari muka samo gawar yaron."

Wani ɗan acaɓa ya ɓullo daga kwana. Shawulu ya ɗaga masa hannu.

"Baba, ka dawo ko don takardar shaidarka. Ba za a sake rufe ƙofa ba, na rantse. Ni ba da mugunta na yi ba."

"Na sani, ɗana. Shi ma Alhaji Lawan ba da mugunta ya yi ba. Raina ya ceta, kowa ya ce in gode masa, kuma gaskiya ne." Ya ɗaga ƙafa ya hau bayan babur, ya gyara zama. "Har yau in na hango shi a layi, sai in sake hanya."

Ya ce wa ɗan acaɓan ya kai shi Tudun Wada, babur ya ja. Maharazu ya tsaya a tsakiyar titi, jini yana ɗiga daga hannunsa, har suka sha kwana. Daga can cikin gidan ya jiyo tafi raf-raf-raf, da muryar Hajiya Zulaiha tana tambaya ina Malam Maharazu yake, ya zo a yi masa godiya.